Haɗa Man Fuska a Gida ga Masu Fata Mai Maiƙo da Ƙuraje: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu fama da maiƙon fuska da ƙuraje suka fi yi idan za su fara haɗa mai da hannunsu. Ma'auninmu a ko'ina shi ne: cokalin shayi ɗaya mililita 5 ne, mililita ɗaya kuma kusan ɗigo 20 ne. Sirinjin kemis da aka cire wa allura ya fi cokali auna daidai, don haka a tanadi guda ɗaya mai cin mililita 5 ko 10.

Fuskata tun kafin azahar take ƙyalli. In na sake shafa mata mai, ba ƙara wa Borno dawaki na yi ba?

Ga wasu fuskokin, haka ne. Wanda fatarsa ke maiƙo amma ba ta ja, ba ta saɓa, ba ta raɗaɗi bayan wanka, ba ya buƙatar ƙarin mai ko ɗigo ɗaya. Sai dai yawancin masu ƙuraje ba haka suke ba. Suna wanke fuska sau huɗu ko biyar a rana da sabulun salo ko sabulu mai magani, suna dirzawa da soso, wasu har da toka ko lemun tsami. Sabulu mai kaifi yana kwashe maiƙon sama, ya haɗa da kitsen da ke tsakanin ƙwayoyin fata, wanda shi ke riƙe mata ruwa. Sai ka ga goshi da hanci suna sheƙi, amma gefen baki da kumatu sun yi gautsi, in an yi murmushi a ji fatar tana ja. Irin wannan fuskar ce ɗan mai ke yi wa amfani.

Akwai dalili na biyu. Tun a shekarun 1980 masu bincike suka gano cewa maiƙon fuskar masu ƙuraje yana da ƙarancin wani sinadarin kitse mai suna linoleyik, kuma wannan ƙarancin yana da hannu wajen toshe ƙofofin gashi. A 1998 wani ƙaramin bincike a Beljiyam ya nuna cewa shafa linoleyik na wata guda ya rage girman ƙananan toshewar da kusan kashi 25 cikin 100. Daga nan ne shawarar zaɓar mai mai yawan linoleyik ta samo asali.

To man zai rage yawan maiƙon da fuskata ke fitarwa?

A'a. Ana yawan cewa in ka shafa mai, fata za ta "gane" ta daina fitar da nata. Babu hujjar da ta tsayar da wannan magana. Sinadaran jiki na balaga da gado ne ke juya yawan maiƙo, shi ya sa yake tashi lokacin samartaka, kuma ƙuraje ke ƙaruwa wa mata da yawa dab da al'ada. Abin da man zai yi shi ne tausasa fata, rage gautsi da saɓa, da taimaka mata ta jure maganin ƙuraje mai busarwa.

Wane mai ne ya dace da irin wannan fata?

Kowane man tsirrai haɗi ne na sinadaran kitse, kuma biyu daga ciki ne suka fi damun mu: linoleyik da oleyik. Mai mai yawan linoleyik yana da ruwa-ruwa, yana shiga fata da wuri, ba ya barin danƙo. Mai mai yawan oleyik yana da nauyi, ya fi dacewa da busasshiyar fata ta ƙafa da gwiwar hannu.

Masu yawan linoleyik su ne man 'ya'yan inabi, mai kimanin kashi 70 cikin 100. Man sanfilawa (sunflower) na asali, mai kimanin kashi 60 zuwa 70. Man agushi da na 'ya'yan kankana, masu kusan kashi 60. Sai man habbatus sauda, mai sama da rabi. A kula da sanfilawa: akwai irin da aka inganta domin suya, wanda oleyik ɗinsa ya kai kashi 80, kuma ana rubuta hakan a jikin kwalba. Wannan ba shi muke nufi ba.

Na tsaka-tsaki su ne man riɗi, man aduwa da man 'ya'yan kuka. Waɗannan ana iya sa su kaɗan cikin haɗi, musamman da hunturu. Man zogale da man aya oleyik ɗinsu ya kai kusan kashi 70, man gyaɗa ma oleyik ne ya fi yawa a cikinsa, don haka a bar wa jiki su.

Man hohoba daban yake. Daga wani tsiro na hamadar Sonora da ke tsakanin Amurka da Meksiko ake samunsa, kuma a zahiri kakin zuma mai ruwa ya fi kama da shi a kan sauran mai. Ba ya saurin lalacewa, ba ya nauyi a fuska, kuma mutane kaɗan ne yake ba matsala. Tsadarsa ce kawai aibinsa. In kuɗi ya isa kwalba ɗaya tak, mu hohoba za mu ce a saya. In bai isa ba, sanfilawa na asali ya wadatar.

Man kaɗanya da man kwakwa da man zaitun fa? Da su iyayenmu suka rene mu.

Kowannensu yana da wurinsa, fuskar mai ƙuraje ce dai ba wurinsu ba. Man kwakwa da alayyadi kusan rabinsu sinadarin lorik ne, kuma suna cikin man da aka fi sani da toshe ƙofofin gashi. Mako uku zuwa shida bayan fara shafa su ake ganin ƙananan ƙuraje marasa baki sun cika kumatu da haɓa, waɗanda hannu ke jin su kamar yashi tun kafin ido ya gan su. Da yake abin ba nan take yake fitowa ba, da yawa ba sa zargin man.

Man kaɗanya bai kai kwakwa toshewa ba, kuma wasu fuskoki suna ɗaukarsa. Amma daskararren mai ne, yana zama a saman fata, in ya haɗu da zufa da ƙurar hanya sai ya zama shimfiɗa mai kauri. Ga kaushi da faso da leɓen da ya tsage da hunturu, babu kamarsa.

Man zaitun kuwa darajarsa a ci da sauran amfani ba abin musu ba ce. A fata ne aka ga rauninsa. A 2013 an wallafa wani gwaji daga Jami'ar Sheffield ta Ingila, inda manya 19 suka riƙa shafa ɗigo shida a dantse sau biyu a rana na makonni. Wurin da aka shafa wa zaitun ya yi rauni har ya ɗan yi ja, wurin da aka shafa wa sanfilawa kuma bai yi ba, ya ma ƙara riƙe ruwa.

Na ga ana ba mai maki daga 0 zuwa 5 a intanet, gwargwadon yadda yake toshe ƙofofin gashi. In dogara da shi?

A ɗauke shi a matsayin manuni kawai. Yawancin makin daga gwajin da aka yi a cikin kunnen zomo a shekarun 1970 da 1980 suka fito, kuma kunnen zomo ya fi fuskar mutum saurin toshewa. Mai maki 4 ko 5 a guje shi. Tsakanin 0 da 2 kuwa, gwajin da mutum zai yi a fuskarsa ne zai raba gardama, domin kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Me zan tanada, kuma yaya ake tsabtace kayan?

Ƙaramar kwalbar gilas mai duhu, ruwan ƙasa ko shuɗiya, mai cin mililita 10 da murfin ɗigo, sirinji, ƙaramin mazurari, sifirit na kemis, takarda da biro. A wanke kwalbar da sabulu, a tafasa gilas ɗin minti goma, a kife shi a kan tsabtataccen ƙyalle ya kwana. Washegari a ɗauraye cikinsa da ɗan sifirit, a bar shi a buɗe har warin ya tafi gaba ɗaya.

Bushewar nan ita ce wurin da aka fi yin sakaci. Mai zalla ba ya raya ƙwayoyin cuta sosai, domin babu ruwa a cikinsa. Ɗigon ruwa ɗaya da ya maƙale a gindin kwalba ya isa ya zama gidan fumfuna. Saboda wannan dalilin ne ba a zuba ruwan rosa, ruwan alobera, zuma ko madara a cikin kwalbar mai. Duk haɗin da ruwa ya shiga yana buƙatar sinadarin hana ruɓewa na gaske, kuma bitamin E ba shi ne ba. Aikinsa jinkirta lalacewar mai ne kawai.

Ku ba mu haɗin da ma'auninsa.

Ga guda uku, kowanne mililita 10.

Na mai farawa: hohoba mililita 5, man 'ya'yan inabi mililita 5, bitamin E ɗigo ɗaya. Babu ƙamshi, babu ƙari. In fuska ta ƙi wannan, da wuya ta karɓi wani.

Na kayan da ake samu kusa: sanfilawa ko man agushi mililita 9 da rabi, man habbatus sauda rabin mililita, wato ɗigo goma, sai bitamin E ɗigo ɗaya. In an yi wata guda lafiya, a haɗi na gaba ana iya kai habbar mililita ɗaya, kada ta wuce haka.

Na hunturu, lokacin da iska ke busar da fuska har ta yi fari: hohoba mililita 4, sanfilawa mililita 4, man kuka ko na aduwa mililita 2, bitamin E ɗigo ɗaya. Da zarar bazara ta shigo a koma na farko.

A zuba su da sirinji ɗaya bayan ɗaya, a rufe, a mirgina kwalbar tsakanin tafin hannu na minti ɗaya. Kada a jijjiga da ƙarfi, domin jijjiga tana cusa iska cikin man. A rubuta abin da aka zuba da ranar haɗawa, a manna a jiki. Bitamin E na ƙwanƙwasar kemis ana huda shi da allura mai tsabta a matso ɗigo ɗaya. Zuba ƙwaya biyu ko uku gaba ɗaya, kamar yadda wasu ke yi, yana sa haɗin danƙo, yana kuma jawo wa wasu ƙaiƙayi.

Mililita 10 bai yi kaɗan ba?

A lissafa. Mililita 10 ɗigo 200 ne. In ana shafa ɗigo uku kowane dare, zai kai dare 66, sama da wata biyu. Kwalba mai mililita 30 za ta wuce wata shida, kuma man 'ya'yan inabi ba zai kai wannan lokaci da lafiyarsa a zafinmu ba.

Man ti-tiri da ake ta yabo, nawa ake sawa?

Ko da yake sunansa a Turanci na nufin bishiyar shayi, wannan mai ba shi da alaƙa da ganyen shayi. Daga ganyen wata bishiyar Ostiraliya, Melaleuca alternifolia, ake turara shi, kuma yana cikin man ƙamshi masu ƙarfi da ba a shafa su zalla. Shi ne ya fi sauran hujja a kan ƙuraje: a 1990 an gwada shi a Ostiraliya a kan mutum 124, kashi 5 cikin 100, aka kwatanta da maganin benzoyil feroksayid mai ƙarfi ɗaya. Duka biyun sun rage ƙuraje. Ti-tiri ya fi jinkirin aiki, amma ya fi sauƙi ga fata.

Ga man da za a shafa wa fuska duka, ɗigo ɗaya zuwa biyu a cikin mililita 10 ya isa, wato rabin kashi zuwa kashi ɗaya cikin 100. Ga na ɗigawa a kan ƙurji kaɗai, ɗigo biyar a cikin cokalin shayi ɗaya na hohoba, a taɓa da auduga a kan ƙurjin sau ɗaya ko biyu a rana, ba a shafe kumatu da shi ba.

Ti-tirin da ya tsufa ko ya sha rana yana canjawa ya zama mai tayar da borin fata, ko ga wanda da can bai taɓa ba shi matsala ba. Wanda ya shekara a buɗe a zubar. Guba ne in an sha, don haka a ɗaga shi sama inda yara ba sa kaiwa.

Man darbejiya fa?

Man 'ya'yan darbejiya yana da ƙarfi, kuma warinsa kamar tafarnuwa da ta haɗu da gyaɗar da ta ƙone. Ɗigo huɗu zuwa shida a cikin mililita 10 ya isa. Ba a sha, ba a ba yara, domin an sha samun ƙananan yara da suka shiga mummunan hali bayan an ɗura musu shi. Kada a haɗa darbejiya da habba da ti-tiri a kwalba ɗaya. In fuska ta yi bore, ba za a san wanda ya yi laifin ba.

Akwai abin da ba a sawa ko kaɗan?

Ruwan lemun tsami da man ɓawonsa: in suka taɓa fata rana ta biyo baya, suna iya ƙona ta, su bar baƙin shaci mai ɗaukar watanni. Ɗanyar tafarnuwa tana ƙuna kamar wuta, har fata ta yi bororo mai ruwa. Man kanumfari da na kirfa suna cikin waɗanda suka fi tayar da fata. Turaren jiki da humra wurinsu tufafi da jiki. Man goge baki da ake ɗorawa a kan ƙurji yana busar da shi, ya bar tabon da ya fi ƙurjin daɗewa. Garin neman gira kada a rasa ido.

Yaya zan gwada kafin in shafa wa fuska duka?

Mataki biyu ne, kuma kowanne abin da yake nema daban. Na farko na borin fata ne: a shafa ɗigo ɗaya a cikin lanƙwasar gwiwar hannu safe da dare na kwana bakwai zuwa goma. Kwana ɗaya bai isa ba, domin wani borin sai bayan kwana biyu ko uku yake bayyana. Ja, ƙaiƙayi, kumburi ko ƙananan ƙuraje masu ruwa na nufin a ajiye man.

Na biyu na toshewa ne, kuma dole a fuska za a yi shi. A zaɓi gefen muƙamuƙi ɗaya, a riƙa shafa masa kowane dare na mako uku zuwa shida, a bar ɗaya gefen haka nan. A ɗauki hoto da waya a ranar farko, a bakin taga ɗaya, da hasken safiya, sannan a sake a wuri ɗaya kowane mako. Ido yana mantuwa, kuma ranar da ƙurji ɗaya ya fito mutum kan rantse cewa fuskarsa ta fi ta jiya muni.

Yaya ake shafawa, kuma yaushe?

Da dare, bayan sallar isha'i, lokacin da an gama alwalar ranar kuma ruwa ba zai sake wanke shi ba. A wanke fuska da sabulu marar kaifi da ruwa mai ɗumi kaɗan, a dangwala tawul har ta rage danshi kawai. A ɗiga biyu ko uku a tafin hannu, a murza, a danna tafin a kumatu da haɓa, abin da ya rage a kai goshi. Ba a dirza. Bayan minti goma sha biyar a danna farar takarda mai laushi a kumatu: in ta ɗauko shacin mai sosai, an yi yawa, gobe a rage ɗigo ɗaya.

Da bazara da damina, ɗigo ɗaya ko biyu ya isa, wasu ma dare biyu ko uku a mako. Da hunturu ana iya kai huɗu. Da rana ba ma ba da shawarar shafawa, domin yana kama ƙura, kuma babu man tsirrai da ke kare fata daga rana. A canja rigar matashi sau ɗaya ko biyu a mako, da hijabi ko rawanin da ke goga kumatu.

Zan iya jiƙa ganye a cikin man, kamar darbejiya ko zogale?

Ana iya yi, in ganyen ya bushe ƙarau. A shanya shi a inuwa har in an murza ya farfashe da ƙara. A sa awo ɗaya na ganye ga awo biyar na mai a tsabtatacciyar kwalba, man ya rufe ganyen gaba ɗaya, a ajiye a wuri mai duhu mako biyu zuwa huɗu ana juyawa kullum. Mai gaggawa zai iya tsoma kwalbar cikin ruwa mai ɗumin da yatsa zai jure na awa biyu zuwa uku. Soya ganye a mai, kamar yadda ake yi wa man kitso, yana ƙona ganyen ya lalata man. A tace da ƙyalle ninki biyu, a bar shi ya kwanta kwana ɗaya, a tsiyaye na sama.

Sai dai ba kowane amfanin ganye ke shiga mai ba. Jan zoɓo da yawancin sinadaran koren shayi a ruwa suke narkewa, don haka jiƙa su a mai ɓata kaya ne. Kurkum yana shiga, amma zai rina matashi da farin mayafi rawaya.

Man da aka matse a gida ya yi?

Ya danganta da yadda aka matse. Hanyar da ake fitar da man gyaɗa, a soya, a niƙa, a murza da ruwan zafi, tana barin ruwa da tsaki a cikin mai, kuma wuta tana gaggauta lalacewar linoleyik. Ga fuska an fi son wanda aka matse da ƙaramin injin hannu ba tare da suya ba. In agushi ne, a zaɓi ɓararre, busasshe, sabo, a tsince duk wanda ya yi fumfuna ko ya canja launi. Bayan matsa man zai fito da gurɓi kamar kunu. A bar shi a rufe kwana uku, tsakin zai kwanta a ƙasa, na sama ya yi garau. A tsiyaye a hankali, a tace, a yi amfani da shi cikin mako huɗu zuwa shida.

A ina zan ajiye shi, kuma yaya zan gane ya lalace?

Zafi da haske da iska ne ke lalata mai, kuma linoleyik ɗin da muke nema shi ya fi saurin lalacewa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ko Yamai ke haura digiri 40, kwalbar da aka bari a kan madubi kusa da taga ba za ta yi wata biyu ba. Firji ya fi, in akwai wuta. In babu, gindin randa ko tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, irin wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa, za su yi, muddin murfin ya ɗaure kuma kwalbar tana cikin leda. Kada bakin abin ɗigo ya taɓa fuska ko yatsa.

A riƙa shinshina man tun ranar farko domin hanci ya san asalin ƙamshinsa. Lalatacce yana hamami irin na tsohon man suya ko fenti, yana ƙara kauri, bakin kwalba yana danƙo. Irin wannan yana tayar da fata, yana kuma ƙara toshewa, don haka a zubar ko da rabin kwalba ya rage.

Yaya zan gane na jabu a kasuwa?

Babu gwajin gida da zai kama kowane algus, amma akwai biyu masu amfani. Hohoba na gaske in ya kwana a firji yana daskarewa ya yi fari-fari, ya narke in an fito da shi. Wanda ya zauna ruwa tsaf an gauraya shi ko ba shi ba ne. Ti-tiri na gaske in an ɗiga a farar takarda yana bushewa cikin 'yan awoyi ba tare da shacin maiƙo ba. Man da aka jera a farar roba a tsakar rana, ba ranar matsa ba sunan mai yi, a wuce shi komai arharsa.

Na fara shafawa sai ƙuraje suka ƙaru. An ce dattin ciki ne ke fita, in ci gaba?

Kada a ci gaba. Ƙaruwar ƙuraje a farkon amfani abu ne da ake gani da magungunan da ke gaggauta saɓar fata, irin su adafalin. Mai ba ya wannan aikin. A tsaya mako biyu zuwa uku, sannan in ana so a gwada mai guda ɗaya zalla.

A kuma duba kamannin ƙurajen. In ƙanana ne, girmansu ɗaya, suna ƙaiƙayi, sun taru a goshi da ƙirji da baya, kuma zufa na ƙara su, akwai yiwuwar ba ƙurajen balaga ba ne. Wani naman gwari mai suna Malassezia, wanda shi ke kawo kyasbi kuma yake da hannu a amosanin kai, yana shiga ramin gashi ya haifar da irinsu. Kitse ne abincinsa, don haka kusan kowane man tsirrai ciyar da shi yake. Wannan sai a ajiye mai gaba ɗaya a ga likita, maganinsa irin su ketokonazol ne.

Ƙurajena a goshi da gefen kunne kawai suke. Me ya sa?

A fara duba man gashi. Basilin da man kitso masu kauri suna narkewa da zafi su gangaro gaban goshi, ɗankwali ko hula su danne su a wurin. Likitocin fata sun bayyana irin waɗannan ƙuraje tun 1970. A bar tazarar yatsa biyu daga gaban gashi in ana shafa man, a wanke ɗankwalin kwana akai-akai, a jira mako shida zuwa takwas.

Na daɗe ina shafa man haɗi na ƙara haske, yanzu fuskata ta cika da ƙuraje. Wannan man zai gyara?

Ba zai gyara shi kaɗai ba. Yawancin irin waɗannan haɗe-haɗe suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi kamar kilobetasol ko betametazon, wasu da haidurokwinon ko makuri, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansu. Sitiroyid yana sirantar da fata, ya fito da jijiyoyi, ya kawo ƙuraje masu kama ɗaya. Wadda ta yi watanni a kansa, in ta daina rana ɗaya, fuska kan yi ja da zafi da saɓa, sai tsoro ya mayar da ita kan man. 'Yar'uwa, wannan ba abin kunya ba ne a gaban likita; ki tafi da kwalbar a hannu ya gani, ya tsara miki yadda za ki rage a hankali. A wannan lokacin hohoba ko sanfilawa zalla, ɗigo biyu, shi ne iyakar abin da za mu yarda ki shafa, ban da habba, ban da ti-tiri, ban da dilka.

Zai goge baƙin tabon da ƙuraje suka bari?

Baƙar fata tana saurin yin tabo bayan kumburi, kuma tabon yakan ɗauki wata shida zuwa shekara kafin ya dushe. Mai ba ya goge shi. Abin da ke taimakawa shi ne daina matsa ƙurji, hana sababbi fitowa, da shafa man kariyar rana mai lamba 30 ko sama kowace safiya. Sinadarin azelayik da ake samu a kemis yana aiki a kan ƙuraje da tabon a lokaci guda. Tabo mai rami ko mai tudu sai asibiti.

Zan iya haɗawa da maganin asibiti? Mai ciki fa?

Ana haɗawa, kuma a nan ne ma man ya fi amfani. In benzoyil feroksayid ne, a shafa shi da safe, mai da dare. A sani yana koɗar da launin tawul da mayafi. In adafalin ne, a shafa kamar girman ƙwayar wake a busasshiyar fuska da dare, a jira minti ashirin, sannan ɗigo biyu na mai marar ƙari.

Mai ciki da mai neman ciki su tsaya kan hohoba ko sanfilawa zalla, su bar darbejiya da man ƙamshi. Adafalin da maganin sha na doksisaikilin ba nasu ba ne, aisotiretinoyin kuwa, maganin sha na ƙuraje masu tsanani, yana nakasa ɗan tayi, ba a kusantarsa sai da kulawar likita.

Yaushe zan daina gwaji a gida in tafi asibiti?

In ƙurajen manya ne masu zurfi da zogi a ƙarƙashin fata, ko sun fara barin rami, ko suna yin tabo mai tudu a muƙamuƙi da ƙirji da ƙeya, yau ya kamata a tafi, domin kowane wata na jira sabon tabo ne da ba ya gogewa. Haka in an yi mako goma sha biyu ana kula da fuska babu sauyi a hotuna. Macen da ƙurajenta suka taru a haɓa, al'adarta ke tsallake watanni, gashi kuma yana fito mata a gemu, ta faɗa wa likita duka ukun tare, domin suna iya nuna matsalar ƙwan mahaifa da ke buƙatar gwajin jini da hoto. Kumburin leɓe ko ido, ko sarƙewar numfashi bayan shafa kowane mai, na gaggawa ne: a wanke fuska da ruwa mai yawa, a ɗauki kwalbar, a nufi asibiti mafi kusa.